Gaida Gida Kafin Sauka

Ku da kuke zama a ƙofar gidana kuna tuƙa jirgi a cikin waya, jiya na ji ɗayanku yana cewa ai sauka ba wani abu ba ne, ka hango titi, ka saita hanci, ka rage wuta, shi ke nan. Na yi shiru ne don akwai goro a bakina. Yau kuwa sai kun saurare ni, ko kuna so ko ba kwa so. Ni Tanimu na yi shekaru ina tuƙa ƙaramin jirgi a garin nan tun iyayenku ba su san hanyar makaranta ba, kuma ban taɓa jin tsoron ƙasa kamar yadda nake tsoron jirgin da ban gani ba. Ƙasa tana nan inda ka bar ta. Ɗan'uwanka matuƙi kuwa yana iya kasancewa a ƙarƙashin cikinka, ko a bayan fiffikenka, ko yana tahowa ta gabanka, kai kana ta murna ka iso gida.

A shekarun saba'in na fito daga makaranta da lasisina sabo fil, na samu aiki a wani kamfani mai 'yan ƙananan jirage. Aikinmu ɗaukar injiniyoyi zuwa inda ake gina hanya da madatsar ruwa, da likitocin dabbobi, da 'yan kwangila, sai kuma feshin gonakin auduga. Filinmu yana yamma da gari, inda gidaje suka ƙare gonakin dawa suka fara. Kada ku ji na ce fili ku ɗauka irin wanda kuke zuwa rakiyar alhazai ne. Titi ɗaya ne tal na jan marmara, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, sai rumfar kwano inda kanikawa ke aiki, sai wani ɗan ɗaki mai rediyo. Babu hasumiya, babu mai ce maka kai jira, kai sauka. Rediyon ma ba kowane jirgi ne ke da shi ba, na feshi ba a sa musu ba sam, wai nauyi ne.

Masu yi maka magana daga ƙasa duk bebaye ne. Akwai jakar iska, wani dogon jan ƙyalle mai kama da ƙafar wando, a rataye a kan sanda. Inda wutsiyarta ta nuna, can iska ta nufa. Kusa da ita akwai wani farin katako mai siffar jirgi a kwance a ƙasa, da hannu ake juya shi, inda hancinsa ya kalla nan za ka kalla in za ka sauka. Mai juya shi Baba Audu ne, wani tsohon soja ɗan Zamfara, ba ya rabuwa da bindigar wuta a ƙugunsa. In ya harba kore, ka sauka. In ya harba ja, ko gyatumarka ce ke jiran ka a ƙasa, ka koma sama. Shi jirgi iska yake fuskanta ya sauka. In ka bar ta a bayanka tura ka za ta yi ta yi, kana kallon titi yana ƙarewa tayoyinka ba su taɓa ƙasa ba. Duk abubuwan nan ba a ganin su daga nesa, sai ka zo ta kansu ka leƙa.

Wanda aka ce in zauna a ƙarƙashinsa shi ne Kyaftin Mamman, Basakkwace, gajere mai jajayen idanu, ba ya dariya sai ranar salla. Tafiyarmu ta farko mun kai wasu injiniyoyi Funtuwa, muna dawowa mu biyu, shi ke riƙe da jirgi. Ya kawo mu daidai kan fili, can sama, sai ya dube ni.

"Yaro, mi kaka gani?"

"Ina ganin titi, ranka ya daɗe, da jakar iska."

"Jirgi hwa?"

Na duba dama, na duba hagu, sama fes kamar an share. Na ce babu ko ɗaya. Sai ya kwantar da fiffike ya nuna ƙasa da haɓa. A daidai ƙarƙashinmu ga wani jirginmu nan yana tafiya abinsa, har ina hango farar rigar matuƙin. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

"Shi ma bai gan ka ba," in ji Kyaftin. "Ku biyu makahi na, kuma kowa na gudu."

Daga ranar ya fara koya min shiga fili, abin da a makaranta muka yi a allo muka ci jarrabawa muka ajiye. Da mukullin motarsa yake zana min a ƙasa a gaban rumfa. In ka iso, kada ka sauko. Ka zo ta kan fili sama da kowa, ƙafa dubu biyu, ka kwantar da fiffike ka karanta jaka da katako, ka ga wa ke sama, wa ke shirin tashi. Titi gefe biyu gare shi, gefen da ake zagaye da gefen da babu kowa. A gefen da babu kowa za ka zubar da tsayinka har ka dawo ƙafa dubu, don kada ka sauko a gadon bayan wani. Sannan ka tsallaka titi ta ƙarshensa ka shiga layi, ka bi gefensa iska na bayanka, ka karya hagu, ka sake karya hagu, ka fuskanci iska ka sauka. Kullum hagu, domin matuƙi a hagu yake zaune, ta nan idonsa ya fi gani. In wani na gabanka, ko tafiyar keke yake yi, bayansa za ka bi. Wannan shi ne zagaye, amfaninsa kuwa shi ne kowa ya san inda zai neme ka da ido. Na tambaye shi, in na tabbata ba kowa fa? Ya harare ni ya ce ranar da muka dawo daga Funtuwa ma ai na tabbata.

Akwai wani aiki da na kai likitan dabbobi can wani ƙauye wajen Birnin Gwari, da akwatin allurarsa cike da ƙanƙara. Ɗan titi ne aka share a daji, ba jaka, ba katako, hayaƙin girki kake dubawa ka san iska. Daga nesa titin ya yi min ja sosai, na ce ashe an zuba sabon marmara. Da na zo ta kai na leƙa, ashe barkono ne. Matan ƙauyen sun ga wuri shimfiɗaɗɗe mai tsabta, sun baza shanya tun daga wannan ƙarshe har wancan, ga yara a zaune suna korar awaki. Sai da na yi ta zagaye ina ba da wuta a kansu kafin suka kwashe, likita na ta mita ƙanƙararsa za ta narke. Da na sauka wata tsohuwa ta zo ta yi min tas, wai na watsa mata barkono.

Fasinjoji dai ba sa ƙaunar zagayen nan. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Sarki, da mun zo kan fili zai ɗago hannu ya dubi agogo ya yi tsaki. Ba zai ce maka komai ba, amma washegari manaja zai kira ka ofis. Wani Baturen injiniya kuwa, da jirgi ya fara kwanciya hagu zai fara laluben jakar amai. Wanda ya fi su baki shi ne Alhaji Mudi, ɗan kwangila, mutumin kirki mai sakin hannu, amma har muka rabu direba yake ce min.

"Direba, ga fili can ina gani da idona. Wai me kake nema a sama? Ko ɓata ka yi?"

"Layi muke bi, Alhaji, kamar a asibiti."

"To ni ban taɓa bin layi a asibiti ba."

Muguwar shekararmu ba ta rashin aiki ba ce, shekarar da aiki ya yi yawa ce. Kwangila ta ɓarke ko'ina, kamfani ya ƙaro jirage, ya ɗebo sababbin matuƙa, aka ɗauke Kyaftin Mamman daga fili aka ba shi kujera a ofis cikin gari. Filin da a da za ka yini ba ka ji inji biyu a sama lokaci guda ba, yanzu da la'asar kowa na dawowa tare kamar kaji da magariba. Jirage sun ƙaru, amma halinmu yana nan irin na lokacin da muke mu kaɗai. A daminar nan ban taɓa shiga zagaye wuyana bai yi ciwo ba don waige-waige. Wata rana ina gab da sauka Baba Audu ya harba min ja, na koma sama ban san dalili ba, sai ga wani sabon matuƙi ya fito daga ƙarƙashina ya sauka abinsa. Har ya kashe inji bai san ina kansa ba. Tun daga nan sau da yawa in fasinja sun fita nakan daɗe a zaune a cikin jirgi kafin in fito.

Ga halin da nake nufi. Gidajenmu babu tarho, fili kuma da nisa, ba motar haya da ke zuwa can. To sai matuƙa suka fito da wata al'ada, muna ce mata gaida gida. In ka dawo daga aiki, kafin ka nufi fili sai ka biyo ta kan unguwarku ka yi ƙasa, ka janye wuta ka mayar, ka sake janyewa ka mayar, inji ya yi kamar mai gyaran murya. Kowane gida sun san muryar jirgin mai gidansu, sai a tura mai ɗauko shi, a ɗora ruwan wanka. Ni lokacin tuzuru ne a wani ɗaki a Abakpa, babur ɗina na jira na a rumfa. Ba wanda zan gaisar sai mai gidan haya, shi kuwa ba murna yake da dawowata ba.

Ba gaisuwar ce matsala ba, abin da ke biyo ta ne. Unguwannin nan duk gabas suke da fili. Da damina kuma iska daga yamma take busowa kusan kullum, wato ta gabas ake shigowa a sauka ana kallon yamma. Saboda haka wanda ya gama gaida gida, yana ɗago kai zai ga titi a miƙe a gabansa, ga shi ƙasa-ƙasa, hancinsa a saiti. A ce ya sake hawa sama, ya je kan fili, ya leƙa, ya zagayo? Ga gajiya, ga yunwa. Sai ya zarce abinsa. Kyaftin Mamman ya hana, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, aka ce masa to. Yana komawa ofis aka ci gaba, don an yi ta yi ba abin da ya faru.

Wanda ya fi kowa iya gaida gida shi ne Lawan, Bakano, matuƙin jirgin feshi, yana zaune a Unguwar Kanawa da matarsa da 'ya'ya biyu. Ni Bazazzagi ne, kun san tsakaninmu da Kanawa, bai taɓa kiran sunana ba sai bawana. In gaya muku gaskiya, a cikinmu babu mai hannunsa. Na taɓa tsayawa a bakin gonar auduga ina kallon sa yana feshi, tayoyinsa na shafar ganye, ya zo dab da ɗorawa ya ɗaga kamar an fizge shi da igiya, ya juyo ya kwanta a layi na gaba bai bar kunya ko ɗaya ba. Jirginsa kujera ɗaya ne, ba rediyo, ga dogon hanci, in ya ɗaga shi zai sauka ba ya ganin gabansa sai ta gefe. Wani maƙwabcinsa mai tasi, Malam Idi, shi ke zuwa ɗaukar sa in ya ji gaisuwar. Na sha yi masa magana.

"Lawan, wata rana za ka tarar da mutum a titin nan."

"Haba bawana. Ni da nake wucewa ta ƙarƙashin wayar lantarki, jirgi sukutum ne zai ɓoye min? Kai dai tsoro ne ya yi maka yawa, shi ya sa har yau ka kasa aure."

Aka yi dariya, har da ni.

Ranar da abin ya faru na je Gusau ne ɗauko Alhaji Mudi da mahaifiyarsa, za a duba mata ido a asibiti a nan Kaduna. Tsohuwa ce tukuf, ba ta taɓa shiga jirgi ba, sai da muka ɗaga ta mu biyu muka zaunar da ita a bayana, na ɗaure mata bel da hannuna. Ta lalubo hannun nawa ta riƙe.

"Ɗan nan, na ba ka amanar kaina. Ka sauke ni lafiya."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

Mun wuce rabin hanya na hango hadari ya haɗo a gabas, bayan gari, baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama. Kun san hadarin Kaduna, ta gabas yake zuwa, kuma kafin ɗigo ɗaya ya faɗo sai ya turo iska a gabansa. A yamma kuwa rana na nan tarwai, ta yi ƙasa. Jirgi ya fara tsalle. Hajiya ta kama bayan kujerata da hannu biyu tana salati. Na kira fili a rediyo, aka ce min ba wanda ya ce yana tafe sai ni, amma jirgin feshi ɗaya bai dawo ba tukuna. Na san na wane ne.

Ta yamma muka ɓullo, titi na miƙe a gabanmu. Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Direba, don girman Allah yau kada ka yi zagayen nan. Ka ga hadari, ka ga tsohuwa."

Ba faɗa yake yi ba, tsoro ne a muryarsa. Na ce, "Yi haƙuri Alhaji, yau ne ma ya fi zama dole."

Na haye kan fili na kwantar da fiffike na leƙa. Jakar iska da na bari da safe tana nuna gabas, yanzu ta juya ta miƙe sak tana nuna yamma. Baba Audu ya riga ya juya farin katako, hancinsa na kallon gabas. Wato yau ta yamma za a shigo, a sauka ana fuskantar hadari. Na duba sama, na duba ƙasa, na ƙura wa gari ido. Rufin kwano ne birjik, da hayaƙin girki iska na kwantar da shi. Ban ga abin da ke motsi ba.

Na sauko ta gefen da babu kowa, na tsallaka, na bi gefen titi na ba gari baya. A daidai wannan lokaci ne, kamar yadda mutanen Unguwar Kanawa suka faɗa daga baya, Lawan ya biyo ta kan gidansa ƙasa-ƙasa, hadari na bin bayansa, ya yi gaisuwarsa ya miƙe. Da safe ya tashi iska na busowa daga yamma. Bai zo kan fili ba balle ya ga ta juya.

Na karya hagu, na sake karyawa, titi ya shigo gabana. Iska na da ƙarfi, jirgi na tafiya a hankali kamar ana riƙe shi ta baya. Gabana duhu ne kawai. Idona na kan hadarin nan ina neman ɗigo, ina neman ɗan zare, don jirgin da ya fuskanto ka ba ya wuce haka girma sai ya iso kanka. Ban ga komai ba. Tayoyi suka taɓa ƙasa, na janye wuta gaba ɗaya, na ji Alhaji ya ce alhamdu lillahi.

Sai jar wuta ta tashi daga wajen rumfa. Wata ta biyo ta. Na san ba ni ake harba wa ba, ni ina ƙasa. Na ɗaga ido, sai ga shi ya fito daga cikin baƙin nan, a kan titina, fiffike a shimfiɗe, tayoyi a rataye, bai fi tsayin rufin ɗaki daga ƙasa ba. Iska na tura shi ta baya, ya kasa taɓa ƙasa, yana ta shawagi yana cin titi. Rana kuma na cikin idonsa, hancinsa a ɗage. Na san bai gan ni ba.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, har kuma yau ban sake ji ba. Ba ni da gudun da zan koma sama, ko ina da shi cikinsa zan shiga. Birki ba zai tsayar da ni ba, in ma na tsaya nan zai same ni. Abu ɗaya ya rage, wanda kowane matuƙi ya haddace: in kun yi gaba da gaba, kowa ya yi damansa. Na taka fedar dama da duk ƙarfina. Jirgi ya bar titi ya faɗa ciyawa, ƙasa a jiƙe da ruwan jiya, tayar gaba ta nutse ta karye, hanci ya daki ƙasa, farfela ta tono laka ta watso mana a gilashi. Goshina ya bugi ƙarfen gaba.

A nan ne ya gan ni, ko kuma jar wutar ya gani, Allah ne masani. Na ji injinsa ya yi ruri, ya ba da wuta gaba ɗaya. Inuwa ta rufe mu, tayarsa ta wuce ta kan fiffikena na hagu har jirginmu ya girgiza. Shi ma ya yi damansa yadda aka koya masa. Amma ya ɗaga hanci da yawa, gudunsa kaɗan ne, ga iska a baya. Na waiga ta tagar baya na ga jirgin ya tsaya cak a sama kamar mai tunani, sannan fiffiken dama ya faɗi, ya kife, ya shige cikin gonar dawa. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba.

Na rufe mai, na kashe wuta, na juya baya. Alhaji ya ƙame yana kallon lakar da ke gilashi. Hajiya na nan a ɗaure, leɓenta ya fashe, hannuwanta har yanzu a kan kujerata. Ba ta gani sosai, ba ta san abin da ya wuce ta kanta ba.

"Ɗan nan, mun iso?"

"Mun iso, Hajiya."

Muka fito da ita muka miƙa wa kanikawa. Na ruga gonar da gudu jini na shiga min ido, Baba Audu na bayana da tukunyar kashe gobara. Muna tsakiyar dawa ruwa ya tsuge, shi ne ma ya hana wuta tashi. Warin fetur da maganin feshi ya cika wurin. Lawan na nan a kujerarsa a ɗaure, hannunsa a kan totur, ya tura shi har ƙarshe. Baba Audu ya sa yatsu a wuyansa, ya daɗe a haka, sannan ya shafe masa idanu ya yi salati.

Na san abin da ke ranku, ku masu wayo. Da na bi maganar Alhaji na faɗa kai tsaye, da na sauka na kauce kafin Lawan ya iso. Haka ne. Na juya maganar nan a raina ya fi a ƙirga, wasu ma sun faɗa min ita a fuskata. Amma da na yi hakan, ni ma da ka zan sauka ban san inda iska take ba, ban san wa ke ƙarƙashina ba. Sa'a ce kawai za ta fitar da ni, ita ce kuma ta yi ta fitar da Lawan duk daminar nan. Zagaye ba ya tsare mutum ɗaya, sai kowa ya bi shi yake aiki. Har na bar tuƙi, in aka ce min a rediyo ba kowa a sama, sai tsorona ya ƙaru in sake dubawa.

Muka ɗauko Lawan muka kwantar a rumfa. Alhaji Mudi ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe shi da ita. Mai rediyo na ƙoƙarin samun ofis, sai ga mota ta shigo ƙofar fili cikin ruwa, Malam Idi ne da tasinsa. Ya sauke gilashi ya dube ni yana murmushi.

"Kyaftin, ina mutumin naka? Ya wuce ta kanmu kamar zai ɗauke rufi. Uwargida ta ce in gaya masa ya yi sauri, yau dambu ta yi."

Sai ya ga goshina, ya ga jirgina ya kafa hanci a ciyawa, ya ga farar riga a shimfiɗe a rumfa. Ya kashe mota.

Irin wannan labari ba a kai wa mace kai tsaye, sai an bi ta wajen manya. Aka ce ni zan je tunda ni ne abokinsa, in samu limamin unguwarsu mu shiga tare. Na ɗaure goshi da hankici na shiga gaban mota. Ruwa ya tsagaita, ana shirin kiran magariba. Na ce wa Malam Idi ya bi ta bayan layi.

"Kyaftin, ruwa ya cinye can. Hanyar gidan Liman ɗaya ce yanzu, ta ƙofar gidan Lawan."

"To ka wuce da sauri, kada ka tsaya."

Bai samu yin saurin ba. Layin duk taɓo ne, mota na tafiya da ƙyar tana zamewa. 'Ya'yan Lawan na zaune a bakin zaure. Da suka hango tasin sai suka zabura ba takalmi, babbar na jan ƙaramin, suna oyoyo Baba, oyoyo Baba. Dole Malam Idi ya taka birki don kada ya take su. Yarinyar ce ta fara isowa, ta kama ƙofar da nake ta ja ta buɗe. Ta dube ni, ta leƙa kujerar baya, ta sake duba na.

"Baba Tanimu, ina Babanmu? Mun ji ya dawo."